Soyayyiyar taliya da naman sa da kayan lambu: wuƙa ce ke dafa naman

 

Yau taliya za mu taɓa. Ba dafa-duka ba, ba kuma irin ta mai shayi da ake fasa wa ƙwai ba. Wannan ita ce wadda ake soyawa a kasko da naman sa da kayan lambu, a kan wuta mai ƙarfi, a sauke cikin 'yan mintoci. Abin da ya sa na ɗauko ta, saƙonni ne da suka yi ta shigowa masu ƙorafi iri ɗaya. Wata baiwar Allah ta ce ta gani a Facebook ta gwada, naman ya fito kamar robar taya, taliyar ta caɓe, kabejin ya tsiyaye ruwa, yara suka tsince taliyar suka bar mata naman a faranti. To, a tsadar naman yau, rubu'in kilo ya tafi a haka, ai dole abin ya yi ciwo. Don haka yawancin maganarmu ta yau a kan naman za ta tsaya, sauran duk masu sauƙi ne.

Salon girkin nan daga ƙasar Sin ya fito. Suna da wani kasko mai zurfi, mai kumburarren gindi, da ake ce wa wok, kuma soyayyiyar taliyar tasu ita ce ake ji ana kira cau min. Taliya tsohuwar aba ce a wajensu. A shekarar 2005 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin wani kwanon taliya da aka tono a Lajiya, a arewa maso yammacin ƙasar, mai kimanin shekara 4,000, suka ce da wani nau'in gero aka yi ta. Ita kuwa ta leda, mai dahuwa nan take, ba ta daɗe ba: wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya fito da ita a Japan a 1958. Indomie da muka fi sani daga Indunusiya ta zo, aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, har sunanta ya zame mana sunan duk wata taliyar leda, kamar yadda kowane ɗanɗano ya zama magi.

To, ga inda ake samun saɓani. Mu a al'adarmu wuta ce ke laushin nama. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a sulala da albasa da kayan ƙamshi, a bar shi ya yi awa guda ko fiye, sannan a soya ko a zuba a miya. Wannan girkin kuwa naman ba ya wuce minti biyu zuwa uku a wuta. Idan kika yanka shi irin yankan miya kika jefa a kasko, babu lokacin da zai yi laushi. Aikin da wuta ke yi a miya, a nan wuƙa ce ke yin sa. Kuma kada mu manta da irin shanunmu. Azawak ne, Bororo ne, Gudali ne, Bunaji ne, duk shanu ne masu tafiya, sun yi kiwo a daji, sun taka ƙasa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Namansu akwai ɗanɗano, amma tsokar ta yi aiki, ta fi ta shanun da ake turkewa a ƙasashen waje ƙarfi. Abin da kika gani a bidiyo da nasu naman aka yi, naki sai kin ƙara masa dabara.

Dabarar farko a wajen mahauci take. Kada ki aika yaro da kuɗi kawai ki ce a ba shi nama. Ki ce tsoka zalla, marar jijiya, marar ƙashi. Wadda ta fi ita ce tsokar gadon baya, musamman ta cikin nan mai laushi da mahautan wajenmu ke ce wa file. Idan babu, ko kuɗin bai kai ba, tsokar cinya ta yi. Ƙwauri da wuya da ƙirji kuwa ki bar wa miya da farfesu, can ne suke da daraja. Hanya mafi sauƙi ma, ki ce masa irin naman da ake tsire da shi kike so. Duk mahauci ya san wannan, don mai tsire ma ba ya sulala nama, fiffike shi yake yi siriri ya kara a wuta. Ashe ke nan dabarar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, a bakin titi muka bar ta, ba mu shigo da ita madafi ba.

Idan naman ya zo, ki ɗora shi a katako ki dube shi da kyau. Za ki ga tsokar tana da zare-zare da suka miƙe gefe guda, kamar zaren rake. Idan kika bi tsawon zaren kika yanka, haƙori ne zai yi aikin tsinka shi, kuma zai sha wuya. Ki gitta wuƙar, ki yanke zaren gajeru. Kaurin kowane yanki kada ya wuce na kwabo biyu a haɗe, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Wuƙar ta zama mai kaifi, a wasa ta kafin a fara. Mai firji ta saka naman a wurin ƙanƙara na minti 20 zuwa 30, ya ɗan sandare, ya fi daɗin yanka. Wadda ba ta da shi, ko wutar lantarki ta yi halinta, ta roƙi mahaucin ya fiffike mata tun a kasuwa, ta zo gida ta ƙarasa.

Sai jiƙo. Ga rubu'in kilo, wato giram 250, ki zuba babban cokali ɗaya na soya sos, ruwan nan baƙi mai gishiri da ake yi da waken suya. Sai ƙaramin cokali ɗaya na kwanfulawa, wato sitacin masara, ko na rogo idan shi ke hannu, da cokali ɗaya na man gyaɗa, da ɗan masoro da ɗanyar citta da kika kankare. Ki murza da hannu har naman ya shanye, ki ajiye minti 15. Sitacin nan shi ke yi wa naman riga, ya tsare ruwan jikinsa kada ya gudu da zarar ya ji zafi.

Idan kin san naman na tsohon sa ne, akwai ƙari. Gidajen abincin 'yan Sin suna barbaɗa wa nama bikarbonat, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira bekin soda. Ba bekin fauda ta kek ba, a lura, ba ɗaya ba ne. Rubu'in ƙaramin cokali ya ishi rubu'in kilo. Ki cuɗa, ki bari minti 15 zuwa 20, ki ɗauraye, ki tsane naman sosai da tsumma mai tsabta, sannan ki yi jiƙon da na faɗa. Iyayenmu mata da ke saurare na san suna murmushi, don aikin kanwa ke nan, wadda suke jefa wa wake tun ba a haife mu ba. Ita ma ta yi. Ki jiƙa guntu kamar ƙwayar wake a ruwa cokali biyu, ki tsiyaye na saman ki yi amfani da shi. Sai dai kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata, kuma idan ta yi yawa naman zai yi santsi da bauri kamar an wanke shi da sabulu. Gara ta gaza da ta zarce.

Yanzu kayan lambu. Albasa biyu matsakaita, karas biyu, wato karoti, rubu'in kabeji, shu ke nan a bakin mutanen Nijar, koren tattasai ɗaya, ɗan koren wake idan akwai, lawashi, tafarnuwa ƙwaya uku ko huɗu, citta kamar kan ɗan yatsa, attaruhu gwargwadon bakin gidan. Babu wanda ya zama tilas in ban da albasa. Lokacin sanyi, da kayan noman rani suka cika kasuwa daga Jiratawa da Konni da Jibiya, a cika kaskon da su, su ma fi taliyar yawa. Albasar Galmi kuwa, ai ba sai na yi mata talla ba. Abu ɗaya da zan hana shi ne ɗanyen tumatir. Ruwa ne da shi, zai mayar miki da suya dafa-duka. Karas a yanka shi siriri kamar ashana, don ya fi kowa taurin kai. Kabeji a yanka da ɗan faɗi, albasa a tsaye. A wanke kafin a yanka, a bar su a kwando su tsane sarai. Kuma katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai, da wuƙar, da hannu, a wanke da sabulu kafin su taɓa ganye. Mafi sauƙi ma a fara da ganyen, a ƙare da naman.

Ki haɗa ruwan ɗanɗanon a kofi tun yanzu: soya sos babban cokali biyu, ruwa cokali huɗu, sukari rabin ƙaramin cokali, kwanfulawa ƙaramin cokali ɗaya. Na san wani zai ce, a ƙauyenmu ina za mu ga soya sos? Ba a fasa girki don shi. Magi na ruwa na cikin kwalba yana maye gurbinsa, amma a rage, don ya fi ƙarfi. In babu, ɗan dunƙule ɗaya da ɗan garin daddawa a narka a ruwan ɗumi. Launin ba zai yi duhu kamar nasu ba, amma ni a bakina daddawar ba ta da abin kunya a nan. Soya sos ɗin kansa waken da aka bari ya ruɓa ne da gishiri, dangin juna ne. Za kuma ku ga a bidiyon ƙasashen waje suna tsiyaya giyar shinkafa a kaskon. Mu ba ma buƙatarta, matsin lemun tsami a ƙarshe ya wadatar.

Taliyar kuma, ga mutum huɗu zuwa biyar, ƙananan leda huɗu masu giram 70, ko rabin ledar sufageti mai giram 500. Taliyar Hausa 'yar murji ma tana yi, sai dai tana son lallaɓawa don saurin narkewa gare ta. Ki tafasa ruwa, ki zuba, amma kada ki bari ta ƙarasa dahuwa. Ta leda minti biyu, sufageti ki rage minti ɗaya ko biyu daga abin da aka rubuta a jiki. Ki tsiyaye a kwando, ki watsa mata ruwan sanyi, ki ɗiga mai ki yamutsa don kada ta manne. Sauran dahuwar a kasko za ta yi.

Duk wannan, ba a ɗora kasko ba tukuna. Haka ake so. Girkin nan idan ya fara ba ya jiran kowa. Ba a barin nama a wuta a tafi ɓare tafarnuwa, ba a amsa waya, ba a leƙa wa ke sallama. Komai ya zama yana gefenki a jere: nama, kayan ƙamshi, karas, kabeji, taliya, kofin ruwan ɗanɗano, da farantin da za a kwashe naman.

Kaskon kuwa ba sai an sayo na kanti ba. Kaskon tuyar ƙosai ko na awara, baƙin nan na ƙarfe mai zurfi, kusan shi ne wok, sunan ne kawai ya bambanta. Ki ɗora shi babu komai a ciki ya yi zafi, har idan kin ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ɓace nan take. Sannan ki zuba man gyaɗa cokali biyu ki zagaya da shi. Man gyaɗa yana jure zafi. Man shanu ƙonewa zai yi, manja kuma ya cika gidan da hayaƙi ya danne ɗanɗanon. Masu gas su buɗe wuta sosai. Masu gawayi ku ne ma kuka fi kowa riba, in dai garwashin ya kama ja jawur kuma kaskon ya zauna daram. Risho ne ke da rauni, mai risho ta riƙa soya kaɗan-kaɗan.

Yanzu ki kasa naman kashi biyu. Ki baza kashin farko a kaskon, kowane yanki ya taɓa ƙarfe, sannan ki cire hannunki. Kada ki juya. Ki ƙirga kamar daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya, gindin ya yi ja, sannan ki juya, ki ƙara minti ɗaya, ki kwashe. Kashi na biyu ma haka. Me ya sa ba za a zuba duka a huta ba? Ga dalilin. Ruwa ba ya wuce zafin digiri 100, ita kuwa suyar da ke sa nama ya yi ja ya yi ƙamshi tana son digiri 140 zuwa sama. Idan kika tula nama da yawa, kaskon zai huce, naman ya saki ruwa, ya koma yana tafasa a cikin ruwan kansa. Daga nan ba suya ba ce, sulale ne, kuma sulalen minti biyar shi ne daidai lokacin da nama ke ɗaurewa. Shi ne robar da baiwar Allahn nan ta ba mu labari. Kunnenki ma zai gaya miki. In kina jin cuuu mai ƙarfi, suya ake. In ya koma ɓul-ɓul, ruwa ya shiga.

Amma saurin kada ya sa a ci ɗanye. Naman sa da bai dahu ba yana iya ɗauke da tsutsar cikin nan da ake kira tsila. Amfanin yanka siriri ke nan, zafi na ratsa shi nan da nan. Ki tsaga yanki ɗaya mafi kauri ki duba, in babu ja a ciki ya yi.

Ki ƙara mai cokali ɗaya. Albasa da karas da koren wake su fara shiga, minti biyu ana juyawa ba tsayawa. Sai tafarnuwa da citta da attaruhu, rabin minti kawai, don tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take yi, kuma ba ta gyaruwa. Sai kabeji da tattasai, minti ɗaya zuwa biyu. Na san hannun da ya saba da miya zai so ya rufe kaskon ya bar su su yi lugub. A daure. Ana son kabejin ya risina amma yana ƙaras-ƙaras a baki, karas yana nan da launinsa. Ki zuba taliya, ki sake motsa kofin nan don sitacin ya kwanta a ƙasa, ki zagaya ruwan ta gefen kaskon. Ki mayar da naman tare da romon da ya tara a farantin. Ki ɗaga ki juya da cokali biyu ko da matsami, kamar minti ɗaya zuwa biyu, har ruwan ya yi kauri ya kama jikin taliyar tana sheƙi. Lawashi a kai, lemun tsami, a sauke. In kin lissafa, daga ɗora kasko zuwa saukewa bai fi minti 12 ba, ban da tafasa ruwan taliya. Mai sayen gas ko gawayi ta san bambancin wannan da awa guda na sulale.

In kuwa tsautsayi ya sa man ya kama da wuta, a kashe murhu a kifa murfi a kai. Kada a kuskura a watsa ruwa. Yara kuma a kore su daga gindin murhu kafin a fara, don man yana fallatsa.

Saura maganar gishiri, kuma wannan ba ta wasa ba ce. Kowace ledar taliya da ɗan ƙullin garin ɗanɗanonta take zuwa, kuma yawancinsa gishiri ne. Soya sos gishiri ne, dunƙule gishiri ne, kanwa da bikarbonat ma danginsa ne a wajen jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, a duk abin da zai ci daga safe zuwa dare. Idan aka juye ƙulli huɗu, aka bi da soya sos, aka marmasa dunƙule biyu, aka kuma barbaɗa gishiri don sabo, to an yi wa mai hawan jini na gidan illa ba a sani ba. Ki zaɓi ɗaya. In da soya sos kika yi, ajiye ƙullin, wata rana ya yi amfani a miya. In da ƙullin za ki yi, biyu sun ishi leda huɗu. Citta da tafarnuwa da lemun tsami su ne za su cike gurbin, kuma ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai.

Wani ɗalibi ya tambaya ko gwauro mai faranti ɗaya da ƙaramin gas zai iya. Malam, kai ne ma ka fi kowa sauƙi, don naka kaɗan ne, kaskonka ba zai huce ba. Leda ɗaya, nama ɗan tafin hannu, albasa ɗaya, karas ɗaya. In ma ka gaji, ka biya wajen mai tsire ka sayo gasasshe, ka zame shi daga tsinke, ka zuba a ƙarshe bayan taliya ta shiga. Ƙulin da ke jikinsa zai ba abincin wani ɗanɗano na daban, ka ga ba sai ka nemi sitaci ba.

Abincin nan da zafinsa ake ci, ba ya son jira. Ki kira mutanen gidan su wanke hannu kafin ki zuba taliyar a kasko. Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin bazara irin namu ma awa ɗaya, sai a saka a firji ko a ba maƙwabta. In za a ɗumama, a kasko da ɗan yayyafin ruwa, ya yi zafi har ciki.

Lokaci ya ƙure mana. Wadda ta gwada ta aiko mana ta faɗi irin naman da ta samu da yadda ya fito, musamman masu kanwa, ina son jin gwargwadon da ya yi muku daidai. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.